Wuƙar Ƙaro ta Kawu

Ranar jajiberin Babbar Sallah ɗana ya ɓata mini wuƙa, kuma har yau bai san ya yi ɓarna ba. Alheri ya nufa. Ina masallaci ya ɗauko ta daga ƙasan akwatina, ya kai wa mai wasa wuƙa da inji a bakin kasuwa, ya dawo da ita tana walƙiya kamar sabon cokali. Ban yi masa faɗa ba. Abin da ya hana ni sakat tun daga ranar shi ne, na duba gidan nan kaf, na duba layinmu na Jiddari Polo, na duba sahun da nake salla a ciki, ban ga mutum ɗaya da zan miƙa wa wuƙar nan ya shafa bakinta ya gane abin da aka yi mata ba. Tsufa ya zo mini da ciwon gwiwa da raunin ido, duk na karɓa ban yi ƙorafi ba. Amma ban taɓa zaton zan yi rashi in rasa wanda zai san rashi na yi ba.

Wuƙar ta kawuna ce, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni bayan mahaifina ya rasu. Sana'arsa ƙaro. Idan damina ta ɗauke, aka gama girbi, ganyen dakwara ya fara rawaya yana zuba, sai ya ɗaure kayansa a jaki ya shiga daji. Dakwara itaciya ce gajera mai ƙaya, dangin Kawu da Barbarci suna ce mata kolkol, kuma ita ce ke ba da ƙaro mai kyau, wanda ’yan kasuwa ke rububi. Ba ta bayarwa sai an tsaga ta. Za ka ɗaga ɓawon reshe siriri, faɗin yatsa biyu, ka ja shi ya ɓare, ka tafi ka bar ta. Bayan makonni ka dawo ka tarar ta tsatso ƙaro a wurin, ya dunƙule ya bushe, wani kamar goro, wani kamar ƙwan zabo. Duk aikin yana bakin wuƙa, shi ya sa Kawu ba ya ba da aron tasa ko ga limami.

Wani maƙeri ne ya ƙera masa ita da guntun sifirin babbar mota. Tsawonta daga gwiwar hannu zuwa tsakiyar tafi, bayanta mai kauri kamar gefen faranti na ƙarfe, kuma ƙarfen ya ratsa ƙotar har ƙarshe aka lanƙwasa shi, don haka ko duniya za ta tashi ƙotar nan ba za ta fita ba. Ƙotar ƙahon sa ce, an naɗe ta da fata, gumin Kawu ya mai da ita baƙa. Ba ta da kyan gani ko kaɗan. Amma a daji ita ce gatarinmu, ita ce fartanyarmu, ita ce ludayinmu idan ta kama. Da ita muke saro ƙaya mu kewaye masauki saboda kura. Idan kututture ya gagara, sai Kawu ya ɗora bakinta a kai, ya riƙa dukan bayanta da guntun ice har kututturen ya rabu biyu, ya share ta a cinya ya ci gaba da tsagar dakwara kamar ba a yi komai ba. Da ita muke haƙa a busasshen rafi har mu tarar da danshi, da ita muke fiɗar zomo, da bayanta yake ƙyasta dutse ya tada wuta idan ashana ta ƙare. Ban taɓa ganin bakinta ya ɓalle ba.

Shekarun baya ɗan nan nawa ya sayo wata wuƙa, wai ta shiga daji ce, daga waje aka kawo. Kube mai maɓalli, baya mai haƙora kamar zarto, har da wani ɗan agogo mai nuna gabas a gindin ƙota, kamar mutum zai manta inda rana take fitowa. Ya kawo mini yana ta yabo. Na ce mu gwada ta a kan itacen girkin da aka sauke a ƙofar gida. Na ɗora, na buga bayanta sau uku, a na huɗu ƙotar ta zauna a hannuna, ƙarfen ya tsaya a cikin ice. Muka leƙa, ashe ƙarfen da ya shiga ƙotar bai kai tsawon ɗan yatsa ba, sauran duk roba ce. Ya yi dariya, ni ma na yi, ya ce ai dama don ado ya saya. Shi dajin da ya sani bai wuce wanda yake hange ta tagar mota ba, kuma ban ga laifinsa ba. A zamaninsa aka rufe dajin. Wanda ya wuce ramin da aka haƙa a bayan gari yanzu, iyalinsa ba sa cin abinci da daɗi sai ya dawo.

Mu kuwa a lokacinmu daji gida ne. Mukan yi wata biyu ba mu ga katanga ba. Abin da na fi tunawa shi ne sauti. Kukan kurciya da hantsi, ƙarar ƙaya idan ta kama riga, jakin Kawu yana tauna kara, da wannan ’yar ƙara, tsss, da ɓawon dakwara ke yi idan ya rabu da reshe lafiya. Da asuba, bayan salla, Kawu yakan ɗauko dutsensa na wasa wuƙa, ya tofa masa ruwa, ya ja wuƙar a kai a hankali. Da wannan sautin nake sanin gari ya waye. Mu uku ne a masauki: Kawu, da ni, da ɗan maƙwabcinmu da muke kira Dogo, wanda ya girme ni da shekara biyu, ya riga ni shiga aikin da kaka uku. Dogo akwai tsokana. Idan ƙaya ta soke ni na yi ƙara, sai ya ce a kawo zani a goya ɗan birni. Kawu kuwa ba mai magana ba ne. Koyarwarsa duka ba ta wuce kalma shida ba: “Ɓawo za ka ɗauka, bar nama.” Naman itace yake nufi, farin da ke ƙarƙashin ɓawo. Idan wuƙa ta shiga nan, ka yi wa itaciya rauni, ba tsaga ba.

Kakata ta farko a daji ban taɓa wuƙar ba. Aikina ɗebo ruwa, ɗaure jaki, da bin Kawu da ido. A kaka ta biyu, muna tsakiyar aiki, aka aiko cewa wani amininsa ya rasu a wani ƙauye, tafiyar yini guda. Kawu ya shirya zai je gaisuwa. Har ya ɗaure wuƙar a ƙugu, sai ya tsaya, ya kwance ta, ya miƙo mini. Ya ce ba a shiga gidan makoki da ƙarfe. Ya nuna mini dakwarar da ke kewaye da wani ɗan tafki, wadda ya fi ji da ita a duk dajin, ya ce in tsaga su kafin ya dawo jibi. Na karɓa da hannu biyu. Ranar ji nake kamar an naɗa ni sarauta.

Da ya ɓace mana, na zare ta daga kube na ƙare mata kallo, karo na farko a hannuna. Nan na ga abin da ya ba ni mamaki. Gefe ɗaya kawai aka wasa. Ɗaya gefen a miƙe yake, sumul, dutse bai taɓa cin sa ba. Duk wuƙar da na sani a gida, ta yankan nama da ta yankan kuɓewa, gefe biyu ake wasawa. Na ce a raina, lallai tsufa ya kama Kawu, shekara da shekaru yana rabin aiki. Dogo ya riga ya tafi nasa ɓangaren. Na ɗauko dutsen, na tofa ruwa kamar yadda na ga ana yi, na zauna a gindin aduwa na kama wasa gefen da aka bari. Ƙarfen sifirin ba ya ci da sauƙi. Tun hantsi nake abu ɗaya har rana ta take tsaka, hannuna ya yi kanta, amma sai da na kwantar da shi daidai da ɗan’uwansa. Na gwada a gashin hannuna, ya aske tas. Na yi murna ƙwarai, ina ta ƙiyasta fuskar Kawu idan ya gani.

Sai na shiga dakwara. Wuƙar tana shiga kamar a cikin man shanu, ban ko sa ƙarfi ba. Abin da ban lura da shi ba, ba ta yin tsss ɗin nan. Wata ƙara take yi, ƙyas, ƙyas, kuma kowane ɓawo da na ja yana fitowa da farin nama manne a cikinsa. Yini biyu ina wannan aiki, na gama da itatuwan tafkin nan gaba ɗaya. Da yammacin rana ta biyu Dogo ya biyo ta wurin, ya tsinci ɓawo ɗaya a ƙasa, ya juya shi. Ya dubi reshe, ya dube ni.

“Kawo wuƙar,” in ji shi.

Na miƙa masa ina murmushi. Bai ko kalle ta ba. Babban yatsansa ya ɗora a gefe ɗaya ya shafa, ya juya ta ya shafa ɗaya gefen. Sai na ga tsokanar nan ta ɓace daga fuskarsa.

“Kai! Wa ya sa ka?”

“Ai ba a gama wasa ta ba ne, na ƙarasa masa.”

“Ka ƙarasa ta kam,” ya ce. Ya zaunar da ni ya nuna mini a jikin reshe. Gefen da aka wasa shi ke kwanciya a kan itace, shi ke tura bakin wuƙa waje, ta bi ƙarƙashin ɓawo ta ɗaga shi ba tare da ta nutse ba. Idan aka wasa gefe biyu, bakin ya koma tsakiya, ba abin da zai hana shi cin nama. Wuƙar mahauta na mai da ita. Na ce zan gudu gida tun kafin Kawu ya iso, in ya so in faɗa wa mahaifiyata zazzaɓi ne ya kama ni. Dogo ya riƙe mini riga.

“Ba inda za ka,” ya ce. “Zauna nan mu jira shi tare. Ba zan bar ka kai kaɗai ba.”

Washegari muka zauna a gindin aduwar nan tun safe, ba wanda ya tafi aiki. Wajen la’asar Kawu ya ɓullo. Muka yi masa sannu da hanya da gaisuwar rashi, ya sha ruwa, ya miƙo hannu. Na sa masa wuƙar a tafi. Ya shafa gefe ɗaya, ya shafa ɗayan. Ya tashi ya nufi tafki, muna biye, ya bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya yana taɓa raunukan da na yi musu. Na so ya zage ni. Na so ya tsinko tsumagiya ya zane ni, in yi kuka a wuce wurin. Bai ce uffan ba. Ya mai da wuƙar kube, ya ce wa Dogo ya ɗora ruwan tuwo.

Daga ranar, sautin asuba ya canza. Da, ’yan ja kaɗan yake yi ya tashi. Yanzu sai ya zauna har rana ta fito yana cin ƙarfen ta gefen asali, yana mai da bakin baya, don ya cinye ɓarnar da na yi. Ina kwance ina ji, kowane ja kamar a ƙirjina. Haka ya yi har ƙarshen kaka. Da lokacin tsintar ƙaro ya yi, itatuwan Dogo da na Kawu suka yi nauyi, na tafki kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba, baƙi-baƙi. Ƙwari sun shiga ta raunukan, rassa da yawa sun bushe, wasu itatuwan ba su sake ganye ba. A shekarar ba a yi wa kowa ɗinkin Sallah a gidanmu ba, kuma ba wanda ya ce saboda ni ne. Ranar da za mu bar daji, Kawu ya kira ni, ya kama babban yatsana da hannunsa mai kaushi, ya bi da shi a kan gefen da aka wasa, ya juya, ya bi da shi a kan gefen da ya koma sumul. Wuƙar ta rage faɗi kamar ƙwayar dawa biyu. “Ka ji?” ya ce. Na ce na ji. Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan har ya bar duniya, kuma kafin ya bari ni ya ba wa ita.

Na yi ƙaro da ita shekaru masu yawa, da ita na yi aure, da ita na sa ɗan nan a makaranta har ya zama ma’aikaci a wani ofis a GRA. Sannan abubuwa suka lalace. Masu gawayi suka cinye dakwarar kusa, ta nesa kuma ta koma hannun waɗanda ba a ambata da ƙarfi. Inda tafkin nan yake an ce mini yanzu fulotai ne. Matata ta rasu, ɗana ya ce ba zai bar ni ni kaɗai a tsohon gida ba, ya dawo da ni wurinsa, ɗaki mai tayil da fanka. Ana kula da ni, ba zan yi wa Allah butulci ba. Sai dai yini nake yi ban yi maganar da ta wuce gaisuwa ba. Jikokina suna makaranta, idan sun dawo suna kan waya. Wuƙar kuwa tana ƙasan akwati, lokaci-lokaci in ɗauko ta in shafa mata man gyaɗa in mayar.

Ranar jajiberin nan ya shigo ɗakina da ita a naɗe cikin jarida, fuskarsa cike da fara’a.

“Baba, ga wuƙarka ta zama sabuwa. Gobe da ita za ka yanka mana rago. Mai wasan ma dariya ya yi, ya ce duk wanda ya wasa ta a baya rabin aiki ya yi.”

Na shafa gefe ɗaya, na shafa ɗayan. Injin ya ci gefen da Kawu ya bari sumul ya kwantar da shi, ya kuma ƙona bakin har ya yi shuɗi-shuɗi, alamar ƙarfen ya saki. Na buɗe baki zan yi magana, na ga ba ni da ta inda zan fara. Sai in fara da dakwara, wadda bai taɓa gani ba, in bi da ɓawo, da nama, da tafki. A nan na fahimci shirun Kawu, amma nasa ya fi nawa sauƙi, don shi wanda ya yi wa shirun ya san abin da ya yi. Na ce, “Allah ya yi maka albarka.” Washegari na yanka ragon da ita, ta kuma yanka da kyau, kowa yana yabo.

Bayan Sallah da kwana huɗu na kasa haƙuri. Na naɗe ta a cikin sallaya, don a garin nan yanzu tsoho ma ba ya yawo da ƙarfe a fili, na tari keke napep zuwa unguwar Lamisula, inda Dogo yake zaune wurin ’yarsa. Rabona da shi ya kai shekara uku, tun da gwiwa ta hana ni yawo. ’Yar ta tare ni a zaure.

“Wushe, Baba, sannu da zuwa. Sai dai ka yi haƙuri, ba ya gane mutane yanzu. Idon ya tafi, tunanin ma yana zuwa yana tafiya. Ni kaina wani lokaci da sunan innarsa yake kirana.”

Na same shi a kan tabarma a inuwar darbejiya, duk tsawon nan ya naɗe wuri ɗaya. Na yi sallama, ya amsa da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo. Na faɗi sunana, na faɗi sunan unguwarmu ta da, na ce ɗan birnin nan ne da ƙaya ke sa shi kuka. Ya ce madalla, Allah ya ba da lada, ya tambaye ni ko daga asibiti aka turo ni. Ban taɓa jin kaɗaici irin na zaman nan ba, ga abokina a gabana, gwiwarmu har tana taɓa juna.

Na warware sallayar. ’Yar ta zabura, ta ce, “Baba, wuƙa kuma? Zai yanke!” Na ce ta bar shi, hannun nan ya riƙe wuƙa tun ba a haifi uwarta ba. Na sa masa ƙotar a tafi. Yatsunsa suka rufe a kanta, suka sami gurbinsu a jikin fatar. Ya auna nauyinta. Sai babban yatsan ya tashi da kansa, ya bi gefe ɗaya, ya juya ta, ya bi ɗayan. Ya tsaya cak. Ya sake bi.

“Kai!” ya ce, da wata murya da rabona da ita tun muna samari. “Wa ya sa ka? Wuƙar kawunka ce fa!”

Hawaye suka zubo mini, ban share ba. Na ce, “Kuskure ne, Dogo.”

“Ka taɓa itatuwan tafki da ita?”

“Na taɓa.”

Ya girgiza kai, ya yi ƙasa da murya kamar kada wani ya ji. “Ina Kawun yake?”

Na dubi ’yarsa, ta kau da kai tana goge ido da bakin mayafi. Na ce, “Ya tafi gaisuwa. Bai dawo ba tukuna.”

Dogo ya laluba har ya sami bakin rigata, ya riƙe gam.

“To ba inda za ka,” ya ce. “Zauna nan mu jira shi tare. Ba zan bar ka kai kaɗai ba.”

Na gyara zama a kan tabarmar, wuƙar tana tsakaninmu. Muka jira shi har aka kira la’asar.